Kakan mahaifinmu ya zo Jos aikin kuza: ta ina zan fara neman asalinsa?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin takardu. Kakan mahaifinmu ya zo Jos aikin kuza tun zamanin Turawa, ya zauna Bukur, daga baya ya dawo unguwar Gangare a cikin Jos, nan ya rasu kafin a samu 'yancin kai. Abin da muka sani a kansa bai taka kara ya karya ba: ana ce masa Ɗanladi, ana ce masa Bakano, kuma wai da ƙafa ya zo. Garinsu, sunan mahaifinsa, ko ya baro 'yan'uwa a can, babu wanda zai iya faɗa a cikinmu. Autarsa ce kaɗai ta rage a raye, gwaggon babanmu, ta haura tamanin. An ce mini in tafi ma'adanar takardun tarihi ta Kaduna. Shin akwai rajistar leburorin kuza a can, ko takardun ƙidaya masu sunaye? In babu, me zan nema?

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye kuɗin motar Kaduna tukuna. Takardun da ke can ba bisa sunayen mutane aka jera su ba, bisa lardi da gunduma da shekara aka jera su. Wanda ya shiga da "Ɗanladi Bakano" kaɗai zai wuni yana buɗe fayil, ya fito da ƙura a hanci. Abu biyu kake bukata kafin ka taka ƙofar wurin: sunan gari ko ƙauye, da shekara ko da ta kusa ce.

Rajistar leburori, kada ka sa rai. Kamfanonin kuza da heluma, wato shugaban leburori, suke hulɗa, shi ke kawo mutanensa, a auna aiki a biya a ƙarshen mako. 'Yan tiributa kuwa kuzar da suka wanke ake aunawa a ba su kuɗi. Wanda ake buɗe wa fayil da sunansa shi ne akawu, direba, makaniki da makamantansu. Ko su ɗin ma, da kasuwar kuza ta karye a 1985 kamfanoni suka naɗe tabarma, takardu suka watse. Ƙidaya kuma, ta 1921 da 1931 da 1952 da 1963, abin da aka buga jimla ce: gunduma kaza maza kaza, mata kaza. Ba za ka ga sunan kowa ba.

To me Kaduna ke da shi? Ma'adanar tana titin Yakubu Gowon. Ka tafi da katin shaida, a yi maka rajista, ka biya abin da suka yanka, sannan ka nemi kundin jerin fayiloli. Kowane lardi da nasa: Jos Prof, Kano Prof, Bau Prof na Bauchi, Zar Prof na Zariya, sai SNP na sakateriyar lardunan Arewa baki ɗaya. Lambar fayil kake kwafowa daga kundin ka miƙa a ɗauko maka. A nan mutane ke ɓacewa, don iyakokin lardi sun sha canzawa. Sai 1926 aka kafa Lardin Filato. Kafin nan Jos tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, kuma sunan da za ka fi cin karo da shi a takardun farko Naraguta ne, ba Jos ba. Haka Katsina: tana Lardin Kano har 1926, ta koma Lardin Zariya, sai 1934 ta zama lardi mai cin gashin kansa. Kalmar "Bakano" ma ka yi hattara da ita. Ƙasar Kano ta wancan zamani ta haɗa da Dutse, Ringim da Birnin Kudu, waɗanda tun 1991 suke Jigawa. A barikin kuza kuwa duk wanda ya fito daga wannan nahiya Bakano ne, ko bai taɓa ganin Dala ba.

In ka samu sunan ƙauyen, fayil iri biyu ne masu amfani. Na farko rahoton kimanta haraji, wanda Di'o, Baturen mulki, ke rubutawa bayan ya zaga gunduma: sunayen ƙauyuka, dagatai, ƙabilun da ke zaune, sana'o'insu, daga ina suka taso. Na biyu littafin gunduma, mai ɗauke da jerin hakimai da dagatai, wani lokaci har da salsalarsu. In kakanku jinin sarauta ne ko gidan limanci, za ka iya kama bakin zaren a nan. In talaka ne manomi, ba za ka ga sunansa ba, amma za ka san unguwannin ƙauyen da zuriyoyin da ke cikinsa, abin da zai sa in ka je can ba za ka yi tambayar makaho ba.

Ka kuma saki ranka wajen rubutun suna. Bature yadda ya ji yake rubutawa: Katsena, Bautchi, Hadeija, Gando, Momman, Garuba. Ka gwada kowace siga.

In ya taɓa shiga soja labari ya ɗan canza. Waɗanda suka mutu a yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sunayensu na shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, kuma kyauta ake dubawa. Sai dai da sunan gari aka rubuta galibinsu, irin su Audu Kano da Musa Bauchi, masu suna ɗaya sun yi yawa, sai da lambar soja ake rarrabewa. Ka duba ko akwai lambar yabo a gida, wasunsu akan buga lambar mai ita a gefe.

Hajiya 'Yar Bukur ta rubuta:

Malam ya gama magana kan Kaduna. Ni kuwa ɗana, abin da ya tsaya mini a rai shi ne gwaggon nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Ita ce babbar takardarka, kuma ita ce ba ta da kwafi. Wannan makon ka je, ba bayan salla ba.

Ka je kai kaɗai, ko da mace ɗaya da ta saba da ita. In aka taru a kanta, mai babbar murya ne zai riƙa amsawa, ita kuma ta ce "haka ne" don a rabu lafiya. Da hantsi ya fi, bayan ta karya. Ka nemi izininta ka kunna rikodar waya, ka ajiye wayar a gefe, kada zama ya wuce minti 40. Gara zama biyar gajeru da zama ɗaya mai tsawo, don abin da ka tayar yau sai cikin dare zai faɗo mata.

Kada ka ce "Gwaggo, ina ne asalinmu?" Za ta ce Kano, magana ta mutu. Ka bi ta gefe. Wa ke zuwa daga gida in an yi rasuwa ko suna? Ta wace tasha suke sauka, kwana nawa suke yi a hanya, me suke kawowa tsaraba? Wace kasuwa Baba ke yawan ambata, kuma ran wace rana take ci? Kasuwannin ƙauye kowace da ranarta, wannan kaɗai yakan rage maka garuruwa goma su koma biyu. Da wa yake wasan taubasai? Mai tsokanar Zagezagi Bakano ne, mai tsokanar Barebari da jinin Fulani a jikinsa, Bagobiri da Bayarabe yake wasa, Bakatsine da Banufe. Wace irin tsaga ce a fuskarsa, guda nawa, daga ina zuwa ina? Ta zana maka da yatsa a kumatunta, ka kwafa a takarda, ka kai wa tsohon wanzami, ba yaro mai aski da inji ba. Sannan sana'ar gidansu kafin kuza: ƙira, rini, jima, fawa, saƙa, fatauci. Sana'a gado ce, kuma a garin asali unguwa guda ake ware mata.

Batun suna, Ɗanladi ba suna ba ne, ranar haihuwa ce, Lahadi. Haka Ɗanjuma, Ɗanlami, Ɗan'asabe, Balarabe. Tanko wanda ya biyo mata ne, Gambo mai bin tagwaye. Sunan yanka yana nan ɓoye, kuma gwaggo ba za ta furta shi kai tsaye ba, sunan uba ne, da kunya. Hanyar ita ce ta jikoki. Ka lissafo duk namijin da ake ce wa Abba, Baba, Baffa ko Mai-sunan-Malam a zuriyarku, ka tambayi sunan yankansa da wanda aka yi wa takwara. A cikin 'ya'yan marigayin na farko akwai wanda ya ci sunan mahaifinsa, wato mutumin da kake nema, akwai wadda ta ci sunan mahaifiyarsa. Cikin jikoki kuma akwai wanda ya ci nasa. Da haka za ka fitar da suna hawa biyu ba tare da ka sa tsohuwa ta karya alkunya ba. Ka kuma san sunayen da ke tafiya bibbiyu: Garba da Habu da Bukar duk Abubakar ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru, Maitama Yusufu, Audu Abdullahi. Mutum ɗaya zai fito maka da suna uku a takarda uku, ka ɗauka 'yan'uwa ne.

Shekara kuma ba ta lamba ake tambaya ba, ta abin da ya faru ake tambaya. Zamanin wane sarki ya bar gida? A Kano Abbas ya yi 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Yunwa ce ta koro shi? Babbar yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Annobar mura 1918. Ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso Jos da Bukur a 1914, aka daina shi a 1957. Babban jirgi ta Kafanchan 1927 ya iso. Zuwa da ƙafa ba ya nuna lalle kafin jirgi ya zo, don mai gudun haraji ko ɗan cirani ba shi da kuɗin tikiti. In kuwa ta ce kamo shi aka yi, to 1942 zuwa 1944 ke nan, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzar can, aka sa En'e-En'e, wato hukumomin gargajiya na Arewa, su turo mutane aikin tilas. Rasuwarsa ma haka: kafin zuwan Sarauniya Jos ne ko bayansa? 1956 ke nan.

Kada ka tsaya kan maza. Matansa fa? Da yawa cikin mutanen bariki 'yan ƙasa suka aura, Birom, Anaguta, Afizere, Angas, suka musulunta aka sake musu suna. In haka ne kuna da dangi a nan kusa, kuma su coci-coci, COCIN da ECWA da Katolika, suna ajiye rajistar baftisma mai sunan uwa da uba da ƙauye. Da ladabi ake tambaya, ta hannun dattijon wancan gidan.

In kun gama hira, ka ce ta nuna maka inda kayan Baba suke. Adaka, gafaka, ƙasan tsohon akwatin ƙarfe.

Magatakardan Kotu ya rubuta:

Allah ya saka wa Hajiya. Zan ƙara wuri ɗaya da ba a ambata ba, kuma a ganina nan ne talaka ya fi barin sawu: littafin rabon gado na kotun alkali. Bature bai damu da sunan lebura ba, amma alkali dole ya rubuta, don ba a raba dukiya sai an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, kuma a wancan zamani kotu na cire ushira ta kai baitulmali, saboda haka akwai dalilin rubutawa. Mutumin da ya mallaki gida a Gangare ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, da wuya a ce ba a je gaban alkali ba.

Abin da ke cikin shigarwa guda: sunan mamaci, sau da yawa da na mahaifinsa, unguwarsa, ranar zama, kayan da ya bari da kimarsu a fam da sule da kwabo, basussuka, sunayen magada da rabon kowa, sai shaidu. Shaidun nan kada ka tsallake su. Baƙo a bariki mutanen garinsu ne ke tsaya masa.

Rabon kansa yana magana, in ka iya karanta shi. Matan aure suka raba tumuni, wato ɗaya cikin takwas, mamaci ya bar ɗa ko 'ya. Suka raba rubu'i, wato ɗaya cikin huɗu, bai bari ba. Ka ga ɗan'uwan mamaci ya ci gado, to babu ɗa namiji kuma uba ba ya raye, don ɗa namiji da uba suna katange 'yan'uwa. A irin wannan shari'a akan rubuta daga inda ɗan'uwan ya zo, ga sunan garin da kake nema. Saboda haka in kakanku yana da wa ko ƙane da ya rasu a Jos bai bar ɗa namiji ba, gadon wancan ya fi nasa amfani a gare ka. Ta ɗaya gefen kuma, rashin suna a jerin magada ba ya nufin babu mutum. Ɗan da ya riga ubansa rasuwa ba zai fito ba, 'ya'yansa ma ba za su fito ba in akwai baffanninsu. Reshe guda yakan ɓace a takarda ta wannan hanya, alhali yana nan a gari.

Inda littattafan suke: kotunan En'e sun koma hannun gwamnatin jiha a 1968, suka zama kotunan yanki, En'e ɗin kanta aka rushe ta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976. A kowane sauyi an kwashi kaya. Ka fara da rajistaran babbar kotun yanki, ka rubuta takardar neman izini, ka faɗi dangantakarka da mamacin da tazarar shekarun da kake nema. Kada ta wuce shekara biyar, in ba haka ba babu mai ɗaga maka littafi. In babu a nan, ka tambayi ofishin babban rajistara na ma'aikatar shari'a ta jiha, sannan Kaduna. Ka shirya wa jin cewa gara ta ci, ko ruwa ya jiƙa, ko an ƙone a rikici. Yakan faru. Tsofaffin da Larabci ko ajami aka rubuta su, na baya-baya da boko, don haka ka tafi da mai karanta rubutun Magaribi.

Takardun gidan Gangare ma ka bi su. Takardar sayen gida ko ta fuloti tana da sunan mai saye cikakke, da mai unguwar da ya sa hannu. Rasit ɗin haraji kuwa, ɗan ƙaramin nan da tsofaffi ke naɗewa cikin laya ko aljihun gafaka, yana ɗauke da En'e da gunduma da shekara. In ka samu wanda ba na Jos ba, to daga gida ya taho da shi, don shi ne shaidar mutum a hanya.

Abu ɗaya kuma da ba a son faɗa. Mai tono ya shirya wa abin da zai tono. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, amma bauta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan kotunan alkali sun yi ta rubuta fansa da bayar da takardar 'yanci. Mutane da yawa sun baro rinji suka nufi bariki don a can ba a tambayar asali. Wani shirun da dattawa suka yi, da gangan suka yi shi. Ba na cewa naku haka ne, kuma suna kaɗai ba hujja ba ne, Bawa Jan Gwarzo sarkin Gobir ne. Amma ku yi shawara a gida tun yanzu kan wa za a gaya wa me.

Ɗan Gangare ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi zama biyu da Gwaggo. Sunan yanka Idrisu ne, ta hanyar takwara muka gano, kuma ta ce gidansu marina ne. A gafakarsa mun samu Alƙur'ani rubutun hannu, a bayan warƙar ƙarshe an rubuta haihuwar ɗa namiji ran Juma'a cikin Sha'aban 1347, muna zaton kakanmu ne. A ƙasa akwai suna da wata kalma mai haruffa angai, ra, kaf, wau, ya, babu wasali. Wani ya ce in kai a yi mata laminatin kafin ta ƙarasa yagewa. Wace shekara ce 1347, kuma kalmar nan gari ce?

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Kul, kada ka yi laminatin. Zafin injin yana dafa takarda, roba ta manne da tawada, kuma ba a ɓarewa har abada. Haka salatif, bayan 'yan shekaru yakan zama ja ya ci rubutun da ke ƙarƙashinsa. Ka shimfiɗa warƙar a kan farin ƙyalle kusa da taga da rana, ka kashe fitilar waya, ka ɗauki hoto daga sama tsaye, gaba da baya, sannan ka matso ka ɗauki kowane layi. Ka ɗaga ta a haske ka ɗauki tambarin da ke cikin jikin takardar, galibi jinjirin wata uku ne a jere. Daga nan ka sa ta tsakanin farar takarda biyu, ka mayar cikin gafakar yadda ka same ta, kada ka sake jerin warƙoƙin. A ajiye a sama, nesa da bango, don damshin daminar Jos ya fi ɓera ɓarna. Hotunan ka tura wa mutum uku a dangi.

Lissafin shekara: ka ninka ta Hijira da 0.97, ka ƙara 622. 1347 sau 0.97 ya ba da 1306.6, a ƙara 622 ya zama 1928 da rabi da ɗoriya. Wato shekarar ta kama a watan Yuni 1928. Sha'aban wata na takwas ne, saboda haka ya faɗo tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu 1929. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya kan 1928 a manta da watan. In ka sa a manhajar canza kwanan wata ka ga ranar mako ta goce da kwana ɗaya, ka bi ranar da malamin ya rubuta. Shi da ganin wata ya yi aiki, Juma'a kuwa ba ta ɓace masa.

Ka duba sauran warƙoƙin ko akwai shekarar da aka rubuta da haruffa maimakon lamba, abin da malamai ke kira ramzi. A nan ma akwai rami. Malamanmu lissafin Magaribi suke bi, inda shin take 1000, sin 300, ba na Gabas ba inda shin take 300, sin 60. Shin da sin da nun a wurinmu 1350 ne, wato 1931. Wanda ya yi karatu da littattafan Masar zai ce maka 410.

Yanzu kana da turke. Mai haihuwa a farkon 1929, in ɗan fari ne ko na biyu, haihuwarsa shi kansa ba za ta yi nisa da 1900 ba. Ka riƙa ba kowane hawa na maza shekara 30 zuwa 35. Duk salsalar da aka ba ka wadda ta kai ka zamanin Shehu Usmanu da suna biyu kacal a sama da Idrisu, ka san an tsallake wasu.

Magatakardan Kotu ya rubuta:

Kalmar nisba ce, Malam zai gyara mini in na kauce. Angai a ajaminmu "g" ce, wau da ya na ƙarshe kuma su ne "wi" na danganta mutum da gari, kamar Alkanawi. Ta zama Algarkawi. Sai dai rashin wasali ya bar ƙofa biyu a ƙasar Kano ta da: Garko ta wajen Wudil, da Garki ta wajen Ringim, wadda yanzu take Jigawa. Garki ta Abuja ka bar ta tukuna. Kafin ka ɗauki ɗaya, ka tabbatar sunan da ke jikin nisbar na Idrisu ne, ba na malamin da ya kwafi Alƙur'anin ba, don marubuta kan sa sunansu da garinsu a warƙar ƙarshe. Ka gwada hannun da tawadar: in rubutun haihuwar da na sunan iri ɗaya ne, kuma sun bambanta da na ayoyin, to na mai littafin ne. Sannan ka koma wa Gwaggo da sunayen biyu, kowane a rana daban, a tsakiyar wata hira, ka ga wanda zai sa ta ɗago kai.

In za ka tafi, ta fada ake shiga: hakimi ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwar marina da liman. Ka riƙe goro. Jimlar farko da za ta fito daga bakinka bayan gaisuwa ita ce ba gona ko gado ya kawo ka ba, zumunci ne. In ba ka faɗa ba, kowa zai tuna da gonar da kakansa ya cinye ta wanda ya tafi bai dawo ba, sai ka ji an ce ba a taɓa jin sunan ba.

Kada kuma ka zube musu duk abin da ka sani. Ka ce Idrisu ɗan gidan marina da ya tafi kuza, ka yi shiru. Laƙabin Ɗanladi, tsagar fuska da sunan mahaifinsa in kun fitar ta takwara, ka riƙe su a ciki, su za su faɗo da kansu in gidan ne. Biyu cikin uku suka fito daga bakin mutum biyu da ba a zaune tare ba, ka kama hanya. Maroƙi zai ba ka salsala mai daɗi har ta kai Gabas. Ka rubuta, ka sallame shi, amma a shafi daban. Kowane bayani a littafinka ka sa masa wanda ya faɗa, da rana, da ko ya gani da ido ne ko ji ya yi.

Hajiya 'Yar Bukur ta rubuta:

In ka isa unguwar marinar, kada ka ƙare a zaure wurin maza. Ka nemi a shigar da kai gaida tsofaffin mata, ko ka tafi da yayarka ta shiga. Wanda ya tafi bai dawo ba, uwarsa da ƙannensa mata ne suka yi ta ambatonsa, kuma su ne ke sa a yi masa takwara. Ka tambaya ko akwai wani Idi ko Idrisu a gidan da aka ce sunan baffan da ya tafi Jos ya ci. Ka ɗauki hoton Gwaggo a waya ka nuna musu, da hoton tsagar da ta zana maka.